Hannun Hagun Nafisa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni yarinyar nan kuma ya bar mini ita bayan na fid da rai. Sunana Adiza, ɗinki nake yi a Salaga. Mijina Sumaila yana sarin busasshen kifi a Makango, can bakin ruwa, wani lokaci ya ƙetara zuwa Yeji, ya kawo kasuwa. 'Yarmu ɗaya ce, Nafisa, shekara shida muka yi da aure kafin ta zo. Mahaifiyata, da muke kira Mma, tana zaune tare da mu tun bayan rasuwar babanmu. Mu huɗu ke nan a gidan. Ina rubuta wannan ne saboda akwai abubuwan da da na ji su daga bakin wata uwa tun farko, da ban yi yadda na yi ba.

Cikin damina ne, ranar wata Talata, Nafisa ta tashi da jiki zafi. Shekararta uku da wata huɗu a lokacin. Ta ƙi shan koko, ta kwanta a kan tabarma kusa da keken ɗinkina. Na je kemis na sayo maganin zazzaɓi na ruwa, na ba ta. Ban kai ta an gwada jini ba. A makon nan ina da ɗinkin biki, riguna tara na dangin amarya, kuma Asabar za su karɓa. Na ce a raina idan na sallame su sai mu je asibiti.

Laraba da safe jikin ya yi sanyi har ta ɗan yi wasa, da yamma zafin ya dawo. Alhamis ta yi amai sau biyu, ta yini tana barci. Mma ta duba idonta ta ce ciwon shawara ne, ta dafa ganye muka yi mata wanka. Sumaila ya riga ya tafi Yeji tun Laraba.

Ranar Juma'a, mutane na dawowa daga masallaci, ina kan keke sai na ji wani irin sauti daga tabarma, kamar mutum ya ƙware. Na waiwaya na ga Nafisa ta sandare, idonta ya juye sama, hannu da ƙafa suna karkarwa, kumfa na fita a bakinta. Na ƙwala ihu. Mma ta fito da gudu, ta ce tsuntsu ne ya gitta mata. Ta ɗauko cokali ta danna tsakanin haƙoranta wai kada ta ciji harshe, ta ce in kawo tafarnuwa da garwashi. Ni da na yi makaranta har na gama sakandare, na durƙusa ina hura wuta, muna kara fuskar yarinya a hayaƙi. Ban san minti nawa muka ɓata a haka ba. Wani mai babur da ya ji ihunmu ne ya shigo har tsakar gida ya ce, "Ku bar wannan, ku hau mu tafi."

A asibiti muka tarar da layi har waje, amma wata nas ta hango yarinyar a kafaɗata ta karɓe ta da gudu, Allah ya saka mata. Da aka tambayi katin inshorar lafiya sai ya zama wa'adinsa ya ƙare wata biyu da suka wuce, ban ma sani ba. Komai da hannunmu muka saya. Likitan matashi ne, ya duba ta, ya ja fatar idonta ya ce jininta ya yi ƙasa sosai. Ya tambaye ni kwana nawa ke nan da zazzaɓin.

"Huɗu," na ce.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗago ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu. Daga baya ya ce, "Maleriya ce ta hau ƙwaƙwalwa." Kalmomin nan biyar har yau ina jin su da muryarsa.

Na yi ta kiran Sumaila waya ba ta shiga, yana tsakiyar ruwa a kan jirgin fito. Sai bayan la'asar ya iso, da warin kifi a jikinsa, aka wuce da shi kai tsaye aka ɗebi jininsa aka sa mata. Jijjigar ta dawo sau uku a ranar. Washegari suka ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, mu tafi Tamale. A motar asibiti na zauna a ƙasa ina riƙe da ledar ruwan da aka ɗaura mata, duk ramin da muka faɗa sai kanta ya girgiza kamar ba a jikinta yake ba.

Kwana biyar ta yi a Tamale ba ta san inda take ba. An sa mata roba ta hanci ana ba ta abinci. Ni dai aikina in zauna, in goge mata baki, in je in sayo abin da aka rubuta. A ɗakin akwai yara takwas, biyu aka fitar a rufe cikin kwanakin nan, kuma duk lokacin da aka fitar da ɗaya sauran iyaye ba ma iya kallon juna. Masu biki sun kira ni sau ɗaya, da suka ji inda nake suka ce Allah ya ba ta lafiya, suka aika aka kwashe yadinsu.

A rana ta shida ta buɗe ido. Na yi sujada a wurin, a kan simintin ɗakin. Na ɗauka shi ke nan, an gama. Amma da na kira sunanta ba ta amsa ba. Wuyanta ba ya tsayawa, kamar na jaririya. Hannun hagu ya naɗe a ƙirjinta, yatsun a dunƙule, ƙafar hagu kuwa in ka ɗaga ta sai ta faɗi. Yarinyar da ke cika gida da surutu, da take gyara wa babanta magana, ko "Mma" ba ta iya cewa.

A mako na uku aka tura mu wurin masu motsa gaɓoɓi, fiziyo suke ce musu. Wadda ta karɓe mu Sista Abiba ce, Badagomba, gajera mai ƙarfin hannu. Hausarta irin ta Zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinta. Ta nuna mini yadda zan miƙar da gwiwar hannun a hankali, in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, in lanƙwasa ƙafar in miƙe, sau uku a rana. Ta ce mu riƙa dawowa duk bayan mako biyu.

"Zai tashi?" na tambaye ta, na ari irin maganarta ban sani ba.

"Ba ni iya yi maki alkawari," ta ce. "Amma ƙwaƙwalwan yaro yana neman sabon hanya. Ke dai kar ki gaji."

Muka dawo Salaga. Nan ne wahalar da ban shirya mata ba ta fara. Miƙar da hannun nan yana yi mata zafi. Da na kama gwiwar sai ta fara kuka, kukan da ba shi da kalma a ciki, ta ƙanƙame jiki har jijiyar wuyanta ta fito. Mma takan tashi ta bar ɗakin. Sumaila ya gwada riƙe mini ita sau biyu, a na uku ya ce ba zai iya ba. Ni kaɗai na rage, safe da rana da yamma, ina yi ina ƙirgawa ina hawaye. Kafin kwana goma, in na shigo ɗaki Nafisa sai ta juya fuska bango. Abinci ma ta daina karɓa a hannuna, sai Mma ta ba ta. Na haife ta, na kwana a ƙasa saboda ita, ga shi ni ce abin tsoronta a duniya. Kuma in na daina, an ce hannun zai ƙage. Ban san wanda zan zaɓa ba.

Masu zuwa dubiya kowa da nasa. Wata ta ce a binne ƙafar a yashi mai ɗumi. Wata ta ce kitsen mesa. Wani abokin Sumaila ya kawo wani mai a kwalba wai daga Kumasi, ba rubutu a jikinsa. Kowa da zuciya ɗaya ya kawo, na sani, kuma wasu da suka zo da shawara sun zo da hatsi da sabulu, ba zan manta ba. Amma in mutum yana cikin ruɗu, yawan shawara ƙara masa ruɗu yake yi.

A mako na shida surukina ya aiko mu kai ta Yendi. Malami ne, dattijo mai sanyin magana, gidansa kullum da masu ɗaukar karatu. Kwana tara muka yi. Kowace safiya bayan ya idar da lazimi yakan ɗauke ta a cinyarsa ya yi mata tofi, ya ba ta rubutu a ƙaramin cokali. A cinyarsa ba ta kuka. A gidan nan ne kuma na ji wata daga cikin dangi tana cewa a bayan ɗakin girki, da ƙarfin da zan ji, ai wasu matan keken ɗinki ya fi musu 'ya'yansu. Me zan ce? Kwana huɗun nan ni na ƙirga su kafin ita.

Ranar da za mu taho Malam ya kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Adiza, abin da ke hannuna na yi, kuma zan ci gaba. Amma ki ji ni da kyau. Ranar da likita ya ce ku koma, ku koma. Kada wani ya ce miki an yi addu'a don haka asibiti ya ƙare."

"To, Baba. Na gode."

Na amsa masa da to, amma ban bi ba. Yayana Issaka da ke Bawku ya yi ta kira, ya ce akwai wani mutum a wani ƙauye ta hanyar Garu, mai gyaran shanyayyun gaɓoɓi, da idonsa ya ga wanda aka kai a ɗauke ya dawo da ƙafarsa. Ya ce shi zai ɗauki nauyin komai. Sumaila bai so ba. Ni ce na nace. Gaskiyar magana, na gaji da zama mai azabtar da 'yata, ina son wani ya karɓi aikin ya gama shi a kwana bakwai kamar yadda aka ce yana yi.

Tafiyar ta ci mana yini biyu, mota uku, ga shingayen bincike a hanya, duk inda aka tsaya sai an sauka da ita a kafaɗa. Issaka da matarsa sun karɓe mu hannu biyu, sun bar mana ɗakinsu. Mutumin kuwa ya dubi hannun ya ce jijiya ce ta kwanta, za a tashe ta. Ya gasa da ruwan zafi, ya shafa man kaɗe da wani baƙin gari, sannan ya sa aka danne ta ya ja hannun da ƙarfi har na ji wani abu ya yi ƙara. A rana ta uku ya yi mata tsaga ƙanana a kafaɗa da gwiwa ya cusa garin. Ina tsaye ina kallo. Ni na riƙe ƙafafunta. A rana ta biyar kafaɗar ta kumbura ta yi ruwa, zazzaɓi ya dawo. Matar Issaka ce ta ce, "Adiza, wallahi ki ɗauke yarinyar nan." Muka kai ta wani ƙaramin asibiti aka wanke ciwon aka ba ta allurai na kwana biyar. Issaka ya kasa haɗa ido da ni har muka hau mota. Ban riƙe shi ba, son ta ne ya sa shi.

Da muka koma wurin Sista Abiba mun tsallake ranar komawa har sau biyu. Tun asuba muka bar Salaga, sai kusan azahar layi ya zo kanmu. Ta cire wa Nafisa riga, ta ga tabon tsagar, ta daɗe tana kallo. Na shirya wa faɗa. Sai kawai ta ce in miƙar da hannun ta gani yadda nake yi. Ina matsowa, Nafisa ta fara kuka tana tura jikinta baya da ƙafa ɗaya.

"Tsaya," in ji Sista Abiba. "Koma can."

Ta jingina Nafisa da matashi a kan katifar ƙasa, ta cire takalminta ta zauna a gabanta, ba ta taɓa ta ba. Ta ce da ni da Sumaila mu ma mu zauna. Sai ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Ku yi yadda na yi. Ana tsinka mangwaro!" Muka dubi juna. Ta maimaita, muka ɗaga. Ta ce ana daka, ta haɗa hannu tana sama da ƙasa, muka bi. Ta kumbura kumatu ta yi kukan kwaɗo, Sumaila ya dubi ƙofa ko wani na kallonsa, sannan ya yi. Nafisa ba ta motsa ba. Amma kukan ya tsaya, kuma idonta yana kan babanta.

"Kin gani?" in ji Sista. "Yaro ba ya jin 'ɗaga hannu'. Amma abin da ya ga manya na yi, yana so shi ma ya yi. Ki rage ja, sau ɗaya a rana, bayan wanka da ruwan ɗumi, a hankali. Sauran duka wasa. Kowa a gida ya shiga. Kar ku ce mashi ya yi. Ku dai ku yi, ya gani."

Na fito ina jin haushi, in faɗi gaskiya. Mun kashe abin da muka kashe, na sayar da ɗaya daga cikin kekunana biyu, mun zagaya rabin arewa, a ƙarshe a ce maganin shi ne in zauna ina kukan kwaɗo. Amma ba ni da wani abin da ya rage.

Muka fara washegari bayan la'asar, a tsakar gida, a kan babbar tabarma. Muka jingina ta da bango tsakanin matasai biyu. Sumaila ya sa sakata a ƙofa tukuna. Ni ke gaba, in ce "Ku yi yadda na yi," su amsa "Mun yi." Da muka ƙare waɗanda Sista ta nuna mana sai muka shiga ƙirƙiro namu daga abin da Nafisa ta sani. Sumaila ya kawo tuƙin kwalekwale, a zauna a miƙe ƙafa ana tuƙa dama da hagu kamar masuntan Makango. Ni na kawo taka keken ɗinki da tafin ƙafa. Mma ta kawo dakan sakwara da tankaɗe da wanki, har da matse zane. Akwai tafiyar agwagwa, a tsugune ana rangaji. Mma tana da ciwon gwiwa, sallah ma a zaune take yi, amma ta tsuguna tana agwagwa tana nishi. Na ce ta bari.

"Ƙyale ni," ta ce. "Ni na sa mata cokali a baki. Bari in yi wannan."

Ranar ce kaɗai ta taɓa ambaton abin.

Kwana goma sha shida muna yi Nafisa tana kallonmu kawai. Manya uku suna tsalle suna gumi a gaban yarinyar da ko murmushi ba ta yi. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Na ji an ce jinya ta taɓa mana kai. Akwai ranar da Sumaila ya tsaya a tsakiyar tuƙi, ya ajiye hannu a cinya ya ce, "Adiza, anya tana ma gane mu?" Na ce ya ci gaba, ya ci gaba.

A rana ta goma sha bakwai muna tafi, sai na ga hannunta na dama ya ɗago ya sauka a kan cinyarta. Ya sake. Tana bin tafinmu ne, da hannu ɗaya, a kan cinya. Mma ta buɗe baki za ta yi guɗa, na ƙifta mata ido, don Sista ta ce kada mu firgita ta. Muka ci gaba da tafi muna kuka, har tafukanmu suka yi ja.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa, amma a hankali ƙwarai, kuma ba a jere ba. Wani makon a samu ci gaba, wani makon kamar an goge komai. Sautin farko da ta yi da niyya ba sunana ba ne, kukan agwagwa ne, ta ce "kwa". A wata na biyar ta zauna ba matashi. Tuƙin kwalekwale ne ya ƙarfafa mata baya, in ji Sista. A wata na bakwai ta miƙe tana dafe da gwiwar babanta don ta tsinko mangwaro sama da nasa. Kuma wata rana da yamma, bayan mun gama, ta jawo jiki ta kwantar da kai a cinyata da kanta. Na daɗe ban motsa ba, har ƙafata ta yi sanyi.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka labarin warkewa ne. Yanzu shekara ɗaya da wata biyar ke nan da fara ciwon. Nafisa tana tafiya, amma tana jan ƙafar hagu, kuma takan faɗi sau da yawa. Maganarta ta dawo rabi, kalma biyu uku a haɗe. Jijjigar ta sake zuwa sau biyu, an ɗora ta a kan maganin da za ta riƙa sha kullum, kuma wani watan sai an nema har Tamale. Hannun hagu kuwa kafaɗar tana ɗan ɗagawa, gwiwar tana ɗan buɗewa, yatsun suna nan a dunƙule. Na tambayi babban likita ko jan da aka yi mata a ƙauyen nan ne ya ɓata shi. Ya ce ba zai iya cewa e ko a'a ba. Na tambaye shi ko da na kawo ta ranar Talata da hakan ba ta faru ba. Ya ce, "Maman Nafisa, wannan tambayar ba za ta ɗaga mata hannu ba." Bai ce a'a ba. Sa'o'inta sun shiga makaranta. Nakan ga suna wucewa da safe, in koma ciki.

Ga abin da zan ce wa iyaye, ni da na koya da tsada. Zazzaɓin yaro ba ya jiran ki gama aiki, a ranar ki kai a gwada jini. In ya fara jijjiga kada a sa masa komai a baki, kada a kara shi a hayaƙi, a kwantar da shi ta gefe a nemi abin hawa. Ki duba katin inshora tun kowa na lafiya. Addu'a ki riƙe ta, amma duk wanda zai ja gaɓar yaronki da ƙarfi ko ya tsaga masa fata, ki ɗauke abinki ki tafi ko waye ya kai ki. In kuma aka ce ku yi wasa, ku yi, ko da an yi muku dariya. Ina gode wa Sista Abiba, da nas ɗin da ta karɓe ta a layi, da mai babur ɗin da har yau ban san sunansa ba, da surukina, da Mma.

Makon da ya wuce Sista ta ce lokaci ya yi da Nafisa za ta riƙa ja gaba, mu mu bi ta. Da la'asar muka tsayar da ita a kan tabarma, mu uku muka jeru a gabanta. Ta dube mu tana jin daɗi, ta ce, "Yi... na yi." Ta ɗaga hannun dama sama, tana tsinkar mangwaro. Muka ce "Mun yi," muka ɗaga hannu bibbiyu kamar kullum, don ta gani ta gwada ɗaga ɗayan.

Ta sauke hannu. Ta ɓata fuska. Ta jawo ƙafa ta zo gaban babanta, ta kama hannunsa na hagu ta ja shi ƙasa, ta naɗe masa shi a ƙirji. Ta bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana dunƙulewa, yadda ni nake buɗe nata. Sannan ta koma wurinta.

"Haka," ta ce.

Sumaila ya dube ni. Na san abin da yake tambaya. In mun bi ta, kamar mun yarda ke nan hannun ya tafi. In mun ƙi, mun karya dokar wasan da mu muka koya mata, a rana ta farko da aka ba ta gaba. Ba wanda ya gaya mana abin da ake yi a nan.

Mma ce ta fara naɗe nata. Sai ni. Muka tsaya mu uku a tsakar gida, kowa da hannu ɗaya a sama ɗaya a dunƙule a ƙirji. Nafisa ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar kowa ya yi daidai, sannan ta ƙyalƙyale da dariya har ta kusa faɗuwa. Hawaye na zuba a gemun Sumaila, kuma bai sauke hannu ya share ba, don ba ta ce a sauke ba tukuna.